Kyamara a ɗakin malamai: a ina ya kamata idon mai gida ya tsaya?

Ranar da muka koma lakwal bayan babban hutu, yau shekara uku ke nan, mun tarar da baƙi biyu. Na farko ɗan akwati ne baƙi manne da bango a ƙofar ofishin darakta, da ɗan gilashi mai koren haske inda ake ɗora yatsa. Na biyu kuwa wani yaro ne ya nuna mini shi. Ina tsakiyar kiran suna ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, mi ne ne wancan?" Na ɗaga kai, sai ga kyamara can sama a kusurwar aji, ta zuba mana ido, ni da yara hamsin da biyu.

Aji shida nake riƙe da shi, CM2, a wata makarantar kuɗi a Maradi. Ba zan faɗi sunanta ba. Ba tonon silili na zo yi ba, kuma har gobe a nan nake samun na tuwo. Mai makarantar, wanda muke kira fondater, ɗan kasuwa ne, yau yana Kano, gobe Yamai, jibi Kwatano. Da yammacin ranar ya tara mu ya ce, "Malamai, ku yi mini uzuri, ba raini ba ne. Iyaye kuɗi suke biya, ni kuma ba mazauni ba ne. Yanzu duk inda nike, in na buɗe salula ina ganin makarantata." Muka yi dariya, muka ce Allah ya sa alheri, Alhaji. Babu wanda ya yi tambaya ko ɗaya, har da ni.

Abin ba namu ba ne mu kaɗai. Ku duba shagunan magani, gidajen mai da manyan kantunan garin nan, za ku ga kyamara tana kallon yaron shago fiye da yadda take kallon ɓarawo. Masu ba da moto haya ga ƴan kabu-kabu wasunsu sun fara liƙa masa na'urar da ke nuna duk inda ya bi. Kayan sun yi araha, haɗa su da salula kuma aikin awa guda ne. Ni ban taɓa musun cewa mai gida yana da haƙƙin sanin ko ana yi masa aikin da yake biya ba. Sai dai awoyin aiki ya saya, bai sayi mutum ba. Shekaru ukun nan sun nuna mini inda ɗaya yake ƙarewa ɗayan ya soma, kuma ba ta hanya mai daɗi na gano ba.

Yatsa ya fi littafi gaskiya

Bari in fara da laifinmu. Kafin akwatin nan ya zo, littafin zuwa muke sa wa hannu. Duk malami ya san littafin nan: kowa ƙarfe 8 saura kwata ya iso, ko da kuwa 8 da rabi aka ji ƙarar motonsa a ƙofa. Ni da kaina na sha sa wa abokina hannu, shi ma ya sa mini. Muna ganin abin kamar zumunci ne. To amma ku yi lissafi tare da ni. Minti 20 kullum, a mako minti 100 ke nan, a wata ya kusa awa bakwai. Awa bakwai da yara hamsin suke zaune, wani ɗan'uwansu riƙe da alli yana rubuta sunayen masu surutu, iyayensu kuma sun biya kuɗin wannan lokacin cif.

Da aka ce duk wanda ya wuce ƙarfe 8 da minti biyar za a cire masa dala ɗari, cikin wata biyu latti ya ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Akwatin yana da nasa shirme, ba shakka. Yatsan da ya sha alli ba ya son karantawa, da hunturu kuma in fata ta tsage sai ka ɗora sau biyar yana ce maka a'a, ga layi a bayanka. Ran da aka ɗauke wuta sai a koma littafi. Amma ban taɓa jin ya ci mutuncina ba. Abu ɗaya yake tambaya: ka zo, ko ba ka zo ba? Na san yana nan, na san abin da yake aunawa, na san hukuncin.

Ba a Maradi aka fara gano wannan ba. A shekarar 2003, a yankin Udaipur na jihar Rajastan a Indiya, wata ƙungiya mai suna Seva Mandir, wadda ke da ƙananan makarantun ƙauye masu malami ɗaya-ɗaya, ta raba wa rabin malamanta kyamarar hannu mai buga rana da lokaci a jikin hoto, wadda ba a iya taɓa agogonta. Da safe wani ɗalibi ya ɗauki malam tare da yara, in za a tashi a sake ɗauka, albashi kuma ya danganta da yawan ranakun da hoto ya shaida. Masana tattalin arziki uku, cikinsu har da Esther Duflo wadda ta samu kyautar Nobel a 2019, suka bi sawun abin. A makarantun da babu kyamara, fashin malamai ya kai kashi 42 cikin 100, a masu kyamara ya sauko 21, kuma sakamakon yara ya ƙaru. Masu sayar da kyamara za su so wannan labari. Amma a lura da kyau: hoto biyu ne a rana, malam ya san lokacin da za a ɗauka, kuma zuwansa kawai ake aunawa. Babu wanda ya zauna yana kallonsa daga safe har azahar.

Labarin yana da wutsiya ma. A wannan yankin dai aka gwada na'urar buga lokaci a kan ma'aikatan jinya na gwamnati. Da farko ta yi aiki, daga baya shugabanninsu suka riƙa rubuta musu ranakun uzuri, na'urori suka riƙa lalacewa, bayan wata 16 babu bambanci tsakanin inda aka sa da inda ba a sa ba. Na'ura ba ta iya yin shugabancin da shugaba ya ƙi yi.

Malamin da kyamara take so

A ENI an koya mana cewa malami ba gunki ba ne a gaban allo. Ka ba da lissafi, yara su rubuta a ƙananan allunansu, ka buga tebur su ɗaga, dabarar nan ta La Martinière da duk wanda ya bi ta makarantar horon malamai ya haddace. Wanda ka ga ya ɓata, ka je inda yake. Wata safiya cikin watan Nuwamba ina da wata yarinya da rabawa mai lamba biyu ta gagare ta tun aji biyar. Na ba sauran aiki, na ja gefen bencinta na zauna, muka soma daga farko da ƴan tsakuwa. Mun kai wajen minti ashirin. Daidai lokacin da na ga idonta ya buɗe, ta ce "Au, ashe hakanan ne!", sai ga darakta a bakin ƙofa.

"Mushe, gafara dai. Alhaji ya kira daga Kano, ya ce tun ɗazu yana ganin ka zaune."

Na yi bayani, darakta ya gane, shi ma malami ne. Amma abin ya zauna mini a rai. Daga ranar na lura da kaina ina wani abu da ban yi niyya ba: na daina zama. Ina tsaye a gaban allo, ina ɗaga murya, ina sa yara su maimaita a tare, domin wannan ne yake kama da aiki a cikin ƙaramin allon salula. Yaron da ke baya wanda bai gane ba, sai dai ya buɗe baki tare da jama'a. Na daina ba da ɗan labarin ban dariya da nake buɗe darasin tarihi da shi, don kada a ga aji yana ƙyaƙyata a ce wasa muke. Wata shida na yi a haka. A ido na fi da ƙwazo, a zuciyata na san koyarwata ta ragu.

Kada in yi wa kyamarar aji rashin adalci. Ita ce ta kama wani abokin aikinmu yana zane yaro da guntun tiyo, abin da ma'aikatar ilimi ta daɗe da hanawa, kuma da babu hoton da sai a ce yaron ƙarya yake. Ita ce kuma ta wanke wata malama da uwar wani yaro ta zarga da fasa masa baki, ashe faɗuwa ya yi a kan benci. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma su ne dalilin da ya sa har yau bakin malamai bai zo ɗaya a kanta ba.

Ni dai da sufeto nake gwada ta. Sufeto ma sa ido yake zuwa yi, kuma babu malamin da gabansa ba ya faɗuwa in ya ga motarsa. Amma yana yin sallama. Ya zauna a baya, ya duba littafin shirin darasinka, ya ga farkon darasi da ƙarshensa, in an tashi ya kira ka ku tattauna, ka kare kanka, ya rubuta rahoto. Kyamara ba ta sallama. Mai kallonta yana iya leƙowa na minti biyu yana cikin cinikin shinkafa, ya yanke hukunci a kan abin da bai ga mafarinsa ba.

An taɓa kai irin wannan gaban alƙalai. A jami'ar ƙasar Montenegro, a 2011, shugaban sashen lissafi ya sa kyamarori a ɗakunan lacca, ya ce don tsaron dukiya da mutane da kuma sa ido a kan koyarwa. Malamai biyu suka ƙi yarda, magana ta kai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. A watan Nuwamban 2017 kotun ta ba su gaskiya, da alƙalai huɗu a kan uku, ta ce ɗakin lacca ba wurin zuba karatu kawai ba ne, wuri ne da malami yake hulɗa da ɗalibai, don haka yana da rabonsa na sirri a ciki. Huɗu da uku: ko su ma abin bai zo musu da sauƙi ba. A Faransa kuwa, wadda tsarin makarantunmu ya ɗauko abubuwa da yawa daga nata, hukumar kare bayanai ta CNIL ta yarda a sa kyamara a ƙofar shiga da hanyoyin wucewa, amma ba a cikin aji lokacin karatu ba, sai in wani dalili na musamman ya taso. Waɗannan hukunce-hukunce ba su da iko a kanmu, na sani. Tambayoyin da suka yi ne suka yi mini amfani.

Abin da ya faru a ɗakin malamai

A zango na biyu na shekarar aka nemi wasu takardun jarrabawa a kabad ɗin ɗakin malamai aka rasa, daga baya aka gan su a hannun yara. Alhaji ya fusata, kuma yana da dalili. Abin da ya yi shi ne ya sa yaron da ke haɗa masa kaya ya zo ranar Lahadi ya ɗora wata ƴar ƙaramar kyamara a saman kabad, bayan tarin tsofaffin littattafai. Wannan tana ɗaukar murya. Ba a gaya wa kowa ba.

Ɗakin malamai, ga wanda bai sani ba, shi ne kawai wurin da malami yake sauke fuskar malanta. A nan muke cin ƙosai, mu yi gulmar albashi, mu amsa waya. A nan mata suke gyara hijabi bayan alwala. Akwai wata abokiyar aikinmu, zan kira ta Madam kawai, da ta dawo daga hutun haihuwa. Ƙanwarta takan kawo mata jaririn lokacin shan iska, mu maza mu fice mu ba ta wuri, ta tura ƙofa ta shayar da shi. Dokar aiki ta ƙasar nan ta ba mai shayarwa wannan lokacin, ba alfarma ba ce. Wata uku tana haka.

Asirin ya tonu ne ta bakin darakta. Wata rana ya ce mata, cikin raha, "Madam, ashe barin mu za ki yi? Alhaji ya ce kin kai takardunki wata ƙungiya." Ta tsaya cak. Wannan magana ba ta yi ta da kowa ba sai yayarta, a waya, a cikin ɗakin nan, ƙofa a rufe. A wayar ce kuma ta faɗi dalilin da ya sa take neman aiki mai ɗan maiƙo, wato rashin lafiyar maigidanta, wadda ko danginsa ba duka suka sani ba. Ta shiga ɗakin ta yi ta dube-dube har ta ture littattafan.

Ina nan lokacin da ta fito. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da darakta, "Dan Allah Mushe, gaya mini gaskiya. Mutum nawa sunka gan ni?"

Bai iya amsawa ba, kuma ba ɓoyewa yake ba, shi ma bai sani ba. Hoton yana zuwa salular Alhaji. Yana zuwa kwamfutar ofis, wadda sakatare ma yake taɓawa. Yaron da ya haɗa kayan yana da lambar sirrin, don shi ya ƙirƙire ta, kuma babu wanda ya sauya ta tun ranar. Salular Alhaji kuwa, kamar ta kowane magidanci, takan shiga hannun ƴaƴansa da dare, takan kwana wurin mai gyara a kasuwa. Ban ce wani ya kalli abin da bai kamata ba. Na ce babu mai iya rantsuwa cewa ba a kalla ba, kuma ga mace mai aure a garin nan wannan kaɗai ya isa. Maigidanta da ya ji, ya ce ba za ta sake taka makarantar ba. Ba ta ƙarasa shekarar ba. Ɓarawon takardun kuwa, har yau ba a kama shi ba.

Na san za a ce ai sata aka yi, dole a yi bincike a ɓoye. Kotun Turai ɗin nan ta taɓa yarda da kyamarar ɓoye, a shari'ar wasu masu karɓar kuɗi a wani babban kanti a Sifen, wadda ta yanke a Oktoban 2019. Amma dubi sharuɗɗan da suka sa ta yarda. Kaya na dubban yuro suna ɓacewa wata bayan wata. Kyamarorin wurin biyan kuɗi kawai suke kallo, inda jama'a ke wucewa. Kwana goma suka yi, da aka gano masu yi aka tsaya. Mutane ƙalilan ne suka ga hoton. Kotun ta kuma bambanta wurare: a ban-ɗaki da wurin sauya tufafi kariyar sirri ta kai matuƙa, a ofis mai ƙofa tana da ƙarfi, a filin da kowa ke gani ta ragu. Tamu ta yi wata uku, tana ɗaukar murya, a ɗakin da mace take buɗe ƙirjinta. Da makulli aka saya wa kabad ɗin, na jikka ɗaya, da magana ta ƙare.

Doka tana nan, mu ne ba mu sani ba

Bayan tafiyar Madam na shiga neman abin da doka ta ce, kuma na ji kunya da na gano cewa ni mai koyar da tarbiyyar ɗan ƙasa ban san da ita ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun watan Mayun 2017, mai lamba 2017-28, wadda aka maye gurbinta da mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamban 2022. Akwai hukuma a Yamai da aka kafa don wannan aiki, HAPDP. Tushen abin ya faro tun muna cikin CEDEAO, da ƙa'idar da ƙungiyar ta amince da ita a Abuja a 2010, sai yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka a 2014. Gana ta yi tata dokar a 2012, Najeriya a 2023.

A taƙaice, fuskarka a hoto, muryarka da zanen yatsanka duk bayananka ne. Wanda zai tattara su sai ya sanar da kai, ya faɗi dalili, kada ya ɗebi fiye da abin da dalilin yake bukata, kada ya juya su zuwa wata manufa, kada ya ajiye su har abada, kuma tsaron su yana wuyansa. Kai kuma kana da ikon neman ganin abin da aka ajiye a kanka, a gyara ko a goge. Zanen yatsa ma matsayinsa daban ne, sai da izinin hukumar ake tattara shi. Dalilin a fili yake: lambar sirri in ta fita ka sauya wata, yatsa kuwa goma Allah ya ba ka. Ku auna kyamarar kabad da wannan ma'auni. An sa ta don takardun jarrabawa, aka ƙare da sanin wa ke neman aiki a wani wuri da mijin wa ba shi da lafiya.

Wani zai ce to a rubuta a kwantaragi, ma'aikaci ya sa hannu ya yarda, shi ke nan. A ƙasar da masu takardar ENI suke yawo da fayil suna neman aji, wane ne zai ƙi sa hannu? Wanda tuwon gidansa ke hannunka in ya ce "na yarda", yunwa ce ta amsa. Sa hannu ba ya halatta kyamara a wurin shayarwa.

Kuma ba sai da na'ura ake wannan ɓarna ba. A Jamus, a wata cibiyar kamfanin tufafi na H&M da ke Nuremberg, shugabanni sukan zauna da ma'aikaci in ya dawo daga hutu ko jinya, a yi hira kamar ta arziki, daga baya su rubuta abin da ya faɗa: ciwonsa, rigimar gidansa, har addininsa, a ajiye inda manajoji kusan hamsin ke iya karantawa. A Oktoban 2020 hukumar kare bayanai ta Hamburg ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 35 da ɗoriya, sama da biliyan 23 na sefa. Da na karanta sai na tuna da irin ɗan rahoton da kusan kowace ma'aikata take da shi, wanda ke zama cikinku yana dariya, da yamma ya kira mai gida. Shi ya riga kyamara zuwa.

Salular tawa ce, megan ma ni na saya

Inda iyakar ta fi ɓacewa yanzu shi ne waya. Muna da gurup na WhatsApp na makaranta, ta nan darakta ya samu lambar kowa, ta nan kuma yake ganin sitatus ɗin kowa. Wani wata da albashi ya yi jinkiri, wani abokinmu ya sa hoton tukunya babu komi a ciki, bai rubuta ko kalma ɗaya ba. Washegari aka kira shi ofis, wai yana ɓata sunan makaranta. Wani kuma ya kira ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ce ya turo alamar inda yake ta waya don a tabbatar yana gida.

A Romaniya, a 2007, an kori wani injiniya mai suna Barbulesku saboda ya yi hira da ɗan'uwansa da budurwarsa ta Yahoo Messenger ɗin da kamfani ya sa ya buɗe don abokan ciniki. Kamfanin ya buga hirar, shafi 45, ya ajiye masa a gaba. Dokar kamfanin ta hana amfani da kayan aiki don harkar kai, wannan ba a musu. Duk da haka, a Satumban 2017 babban zauren kotun Turai ya ce an tauye masa haƙƙi, domin kotunan ƙasarsa ba su bincika ko an gargaɗe shi tun farko cewa za a karanta abin da yake rubutawa ba, ko akwai dalili mai ƙarfi, ko akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Wannan fa kayan kamfani ne, a lokacin aiki. Ina ga salular da na saya da kuɗina, da ƙarfe 10 na dare, a kan tabarmata?

Ba ina cewa waya haramtacciyar gona ce ba. Malamin da yake latsa waya yara suna jira, a hana shi, a hukunta shi. Wanda ya sa hotunan ɗalibai a Facebook ba da izinin iyaye ba, ko yake tura wa ɗaliba saƙo da dare, makaranta tana da cikakken hurumi a kansa, don abin ya taɓa aikin da yaran da aka ba shi amana. Amma a ce ajiye waya daban, a ce miƙo in karanta daban. Mai jinya kuma takardar likita ake tambayarsa.

A nan dole in faɗi wani abu da bai yi mini daɗi ba. Ina cikin wannan fushi ne na tuna cewa watanni kaɗan kafin nan, ni da mai ɗakina mun karɓi wayar yarinyar da ke taya ta aiki, muka bi kiran da ta yi ɗaya bayan ɗaya, don muna zargin wani saurayi yana ɗauke mata hankali. Ba mu nemi izininta ba, ba mu ga ma akwai abin nema ba. Ashe kowa Alhaji ne in ya samu na ƙasa da shi.

Zaman da muka yi da Alhaji

Mu goma sha ɗaya muka nemi ganinsa da ya dawo. Muka sa malamin Arabiyya a gaba, don shi ne babba a cikinmu kuma Alhaji yana jin nauyinsa. Ustaz bai yi dogon wa'azi ba. Ya tuna masa aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta hana zato da bin diddigin asirin mutane, da ayoyin Suratun Nur da suka hana shiga ɗakin wani sai da neman izini da sallama. Ya ce, "Alhaji, ginin naka ne, amma al'aurar da ke ciki ba taka ba ce."

Alhaji ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi bai san ana shayarwa a ɗakin ba sai da ya gani, kuma da ya gani ya kashe, ya ji kunyar faɗa. Sannan ya ɗago ya ce, "To Malam, ni ma in tambaye ku. Wanda ya karɓi albashin awa biyar ya yi huɗu, ya sa ɗan'uwansa ya sa mishi hannu, shi wace aya ta halatta mishi?" Babu wanda ya amsa. Ni dai ƙasa na duba.

Mun kai la'asar muna ja-in-ja, amma mun fito da takarda, shafi ɗaya, kowa ya sa hannu. An cire kyamarar ɗakin malamai a gabanmu, aka sayo makulli. An kashe ɗaukar murya a ko'ina. An liƙa sanarwa a ƙofar shiga cewa akwai kyamara, don iyaye da baƙi su sani. An sauya lambar sirri, Alhaji da darakta kaɗai ke da ita, kuma hoto yana gogewa bayan wata guda sai in wani abu ya faru. Sitatus da abin da mutum ya yi bayan an tashi, an bar wa mai shi, sai in ya shafi ɗalibi. A kan kyamarar aji kuwa an kayar da mu, tana nan. Abin da muka samu shi ne ba za a cire wa malami ko dala ba, ba za a ja masa kunne ba, a kan abin da aka gani a hoto, sai an zauna da shi an kalli darasin daga farko har ƙarshe. Tun da aka sa wannan sharaɗi sau biyu kacal aka kira wani, don kallon darasin minti 45 aiki ne. Na koma zama kusa da yara.

A wani wuri kuma Alhaji ya fi mu tsauri. Wasu iyaye sun nemi a haɗa musu kyamarar aji da salularsu su riƙa ganin ƴaƴansu daga gida, har sun ce za su ƙara kuɗi. Ya ƙi. Ya ce ajin da ɗanka yake akwai ɗiyan mutane hamsin, ba zai miƙa su ga idon da bai sani ba.

Madam ba ta dawo ba. Ustaz da darakta sun je har gida ban haƙuri, maigidan ya karɓe su da mutunci, ya ce ya yafe, amma maganar komawa a bar ta. Makon jiya darakta yana duba jerin sunayen da ke cikin akwatin yatsa, ina tsaye kusa da shi, sai ga sunanta a lamba tara, da na wasu malamai huɗu da suka bar aiki tun bara. Na ce masa ai waɗannan goge su ya kamata a yi. Ya ce gaskiya ne, Mushe, sai dai yaron da ya haɗa akwatin shi kaɗai ya san yadda ake yi, kuma ya tafi Jado haƙar zinariya. In ya dawo za a goge.